Kafin ka ce AVR ne: tarihin wutar da ta ƙi tsayawa wuri ɗaya a ƙauyukanmu

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba. Abin da ke ciyar da wayar za mu duba, wato wuta.

Idan kana zaune a Dambatta ko Makoɗa ko Ƙunci ko Tsanyawa, ko wani ƙauye a bayan Bichi, ka san yanayin da zan faɗa. An tayar da janareta bayan magariba, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar mai gyangyaɗi. Can sai haske ya yi tsalle, ka ji ƙauri, caja ta tafi, wani lokacin har da wayar da ke jikinta. Washegari a kai injin wurin mai gyara, tun kafin ya kwance murfi ya ce, "Ai AVR ne." A sayi sabo a ɗaura, bayan sati biyu a koma gidan jiya.

Abubuwan da ke daidaita ƙarfin wuta a hannunmu guda uku ne: sitabilaiza, kwandensa da AVR. Kowanne ya shigo ne a zamaninsa, don maganin wata cuta daban. In ka san yadda suka zo, ba za a riƙa sayar maka da maganin ciwon kai alhali ciki ne ke ciwo ba.

Lantarki ya shigo Najeriya ta Legas a 1896. Kano ta samu nata a wajajen 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta yi aikin ruwan famfo da na wuta. Amma wannan wutar birni ce. Mu a karkara aci-balbal ce da fitilar ƙwai, kuma haka aka daɗe. An yi dokar kafa hukumar ECN a 1950, aka kafa hukumar madatsun kogin Neja a 1962, aka kammala madatsar Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe hukumomin biyu aka samu NEPA. Sunan nan ya kama baki ƙwarai. An mayar da ita PHCN a 2005, a watan Nuwamba na 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO, amma har gobe in ƙwai ya kama "NEPA" yara ke ihu.

Falwaya ta fara ratsa gonakinmu sosai ne daga shekarun 1970 zuwa sama. Dattawa da yawa in ka tambaye su yaushe garinsu ya ga wuta, zamanin Gwamna Abubakar Rimi za su ambata, 1979 zuwa 1983. Wasu garuruwan kuma sai bayan da gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, wasu ma sai zamanin siyasar nan.

To ka duba tafiyar da wutar nan take yi kafin ta iso ɗakinka. Tana tasowa daga tashoshi irin su Kainji da Shiroro a kan babban layi mai bolt 330,000, ta bi ta Mando a Kaduna, ta sauka Kumbotso. Daga nan a rage ta zuwa 132,000, a sake ragewa zuwa 33,000, wani wurin 11,000, har ta zo taransifomar garinku, wadda ke sauke ta zuwa abin da gida ke buƙata, kimanin bolt 230. Dalilin ɗaga ta sama haka shi ne, wuta mai ƙarfin bolt da yawa tana yin tafiya mai nisa ba tare da ta zube a hanya ba. Da zarar an sauke ta zuwa 230, ta zama ba ta son nisa.

Nan matsalar yankinmu take. Ƙasarmu cike take da jama'a, gona na haɗe da gona, amma ba a dunƙule muke wuri ɗaya ba. Ga gari, ga unguwa can bayan gonaki, ga wasu gidaje biyar a gindin kuka, ga wata ruga gaba kaɗan. Taransifoma ɗaya ce a bakin kasuwa ko kusa da gidan dagaci. Sai 'yan unguwa su yi karo-karo, su sayi wayar wuta mafi araha, su kafa turaku, su ja layi. Na gaba da su ma su ɗora daga nan. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a Watari ko Tomas ya san abin da ke faruwa in ka haɗa mesa doguwa siririya: a bakin inji ruwa na feshi, a ƙarshen mesa yana tsiyaya. Haka wuta take. Na kusa da taransifoma yana samun 230, na ƙarshen layi da daddare, lokacin da kowa ya kunna kayansa, sai ya ga 150 ko ƙasa da haka. Taransifomar da aka kafa don gida ɗari kuma yau gida nawa ke kanta? Kai ma ka sani.

Mutane suna ɗauka wuta mara ƙarfi ba ta ɓarna, sai mai ƙarfi. Ba haka ba ne. Duk abin da ke da mota a ciki, firji ko injin jan ruwa, in wuta ta yi ƙasa yakan kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana zuƙar wuta fiye da ƙima, kwayil ɗinsa ya yi zafi har ya ƙone. Wannan cutar ce ta kawo sitabilaiza gidajenmu, a shekarun da firji da talabijin da bidiyo suka fara yawa, 1980 zuwa 1990 da 'yan kai.

Cikin sitabilaiza ba wani sihiri. 'Yar taransifoma ce mai ƙofofi da yawa, da wasu makunnai masu zaɓar ƙofar da ta dace. Ƙaran "ƙyas, ƙyas" da kake ji, su ne ke canja ƙofa. In wuta ta zo 170 ta ɗaga ta, in ta zo 250 ta sauke ta. Amma fa ba ta ƙirƙirar wuta. Don ta ba ka ƙarin bolt, sai ta ƙara zuƙa daga layin, shi ya sa in kowa a unguwa ya sa tasa, layin ke ƙara durƙushewa. Kuma lambar da aka rubuta a jikinta, 1000 ko 2000 ko 5000, ba ta cika ta in wutar da ke shigowa ta yi ƙasa sosai. Wannan maɓallin jinkiri da mutane ke kashewa don gajen haƙuri, saboda firji aka yi shi: in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, injin firji na buƙatar 'yan mintuna kafin ya sake tashi lafiya.

Akwai wata ɓarnar da sitabilaiza ba ta cika tarewa ba. Layin gari waya huɗu ne, fes uku da nutiral ɗaya. Tsakanin fes da nutiral 230 ne, tsakanin fes da fes kuwa kusan 400. In nutiral ya tsinke ko ya yi sako-sako a kan turke, sai wasu gidaje wutarsu ta faɗi, wasu ta haura can sama. Ranar da ka ji unguwa guda an yi asarar talabijin da caja a lokaci ɗaya, yawanci wannan ne. In ka ga ƙwanka ya yi wani irin haske fari fat alhali na maƙwabcinka ya dushe, kada ka tsaya kallo, kashe babban makunnin gida.

Janareta kuma ya zo ne da wata cutar daban: ba ƙarancin ƙarfi ba, rashin wutar ɗungurungum. Masu gidan kallo na cikin waɗanda suka fara riƙe shi a ƙauye, tun bayan da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama daga 1990, daga baya kallon ƙwallon Turai ya ƙara musu kasuwa. Amma abin da ya cika karkara da ƙaran inji shi ne wayar salula. MTN da Econet sun fara aiki a watan Agusta na 2001, kafin shekara goma waya ta shiga gidaje da yawa, har garuruwan da ko turke ɗaya babu. Sai ga sabuwar sana'a: rumfa, benci, allo cike da soket, da ƙaramin Tiger yana hayaƙi a gefe.

Wannan ƙaramin, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, 'yan kudu ke masa kirarin ya fi maƙwabci, ko da yake an rubuta 950 a jikinsa, abin da yake ɗauka cikin kwanciyar hankali wajen wat 650 ne. A ƙarshen 2015 hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da shi saboda hayaƙinsa, amma ka leƙa kasuwa ka gani ko ya ƙare. Abin da nake so ka riƙe: irin wannan ba shi da AVR ko kaɗan. Kwandensa gare shi. Don haka duk wanda ya ce maka AVR ɗin ƙaramin Tiger ɗinka ya mutu, ka ɗauki injinka ka yi gaba.

Don ka gane bambancin, ga yadda janareta ke haifar da wuta. Tun 1831 Michael Faraday ya gano a Ingila cewa in mayen ƙarfe ya motsa kusa da naɗin waya, wuta na fitowa. Har yau a kan wannan ake. A cikin janaretanka akwai kwayil mai juyawa a tsakiya, wanda ke zama mayen ƙarfe in an ba shi 'yar wuta, da kwayil na tsaye da ke kewaye da shi, inda wutar da kake amfani da ita ke fitowa. Ƙarfin wutar ya dogara da abu biyu: saurin juyawa, da ƙarfin mayen. Saurin aikin inji ne da gwamnansa, wato abin da ke buɗe mai in kaya sun yi nauyi, ya rage in sun yi sauƙi. Ƙananan janaretocin fetur dole su yi juyi 3,000 a minti ɗaya kafin su ba da wuta mai bugu 50 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin Najeriya, abin da mita ke nunawa da Hz. Ƙarfin mayen kuma shi ne aikin kwandensa ko AVR.

Kwandensa ba ta da ido. Ba ta auna komai, gwargwadon yadda inji ya juya haka take bayarwa. Shi ya sa ɗabi'ar nan ta murɗa wa ƙaramin janareta wuya don ƙwai ya ƙara haske take cinye cajar mutane: ka ƙara gudu, ka ƙara bolt, babu mai tsawatarwa. In kwandensa ta raunana wuta takan yi ƙasa ko ta ɓace, gyaran kuma mai sauƙi ne, amma a sa mai lamba daidai da wadda aka cire. Wasu masu gyara kan sa babba wai don wuta ta yi ƙarfi. Tana yi kuwa, har ta wuce gona da iri. Kuma kada ka taɓa bakinta da hannu ko da inji a kashe yake, tana riƙe wuta.

AVR shi yana da ido. A tashoshin lantarki na farko, mutum ake ajiyewa a gaban mita, allura ta sauka ya murɗa, ta hau ya sassauta. A farkon shekarun 1900 kamfanin General Electric na Amurka ya fito da na'urar da ake kira Tirrill, mai yin wannan aikin da kanta ta hanyar wasu ƙarafa masu haɗuwa suna rabuwa da sauri. Bayan ƙirƙiro taransisto a 1947, abin ya yi ta ƙanƙancewa, har ya zama ɗan baƙin abin nan mai kamar rabin wata da ke cikin murfin bayan janareta mai 2.5 ko 3.5 ko 5 kVA, irin su Sumec Firman da Elepaq da suka cika shagunanmu. Aikinsa bai canja ba: ya leƙa wutar da ke fita, in ta yi ƙasa ya ƙara wa kwayil mai juyawa abinci ta hanyar burushi biyu na gawayi, in ta yi sama ya rage.

Ka ga kenan AVR ɗan aike ne a tsakiya. Inji na gabansa, burushi da kwayil na bayansa, kaya na kansa. Kowanne daga cikinsu ya gaza, a fuskarsa abin ke nunawa, shi ya sa ya fi kowa shan zargi.

Saboda haka fara da kunne. In inji na hawa yana sauka, "wuu, wuu", ƙwai na binsa, wannan ba wuta ba ce, mai ne. Kafireto ya toshe, ko fetur ɗin da aka saya a galan a bakin titi da ruwa ko datti a ciki, ko soson iska ya cika da ƙurar hunturu, ko sifirin ɗin gwamna ya saki. Ko AVR goma ka canja ba zai daina ba.

In ƙaran inji daidai yake, sai mita. Mitar gwaji ta hannu ba ta kai kuɗin caja mai kyau biyu ko uku ba, kuma duk mai rumfar caji ya kamata ya mallake ta, in da hali mai nuna Hz. Cire komai daga jikin janareta ka auna. In ka ga 220 zuwa 240, kuma Hz na wajen 50 zuwa 52, injinka lafiya lau. Mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya kana kallo. In wuta ta faɗi kuma inji ya canja murya, kaya sun yi masa yawa, ko injin ya tsufa ba ya ja. Caja arba'in masu wat 10 wat 400 ne kacal, amma dutsen guga ɗaya ya kai wat 1,000, firiza kuma lokacin tashi takan ja ninki uku ko fiye na abin da take ci. In kuma a bakin janareta 230 ne amma a shagonka 190, to mesa ce, wato wayar da ka ja ta yi tsawo ko ta yi siriri. Masu shan wutar maja a kasuwanni sun san wannan, na ƙarshen layi kullum shi ke ƙorafi, tarihin taransifoma ne ya maimaita kansa a ƙaramin wuri.

In inji na gudu daidai amma mita na nuna bolt kaɗan, kamar 5 ko 10, duba makunnin da ke jikinsa tukuna, ko ya faɗi. Daga nan burushi: gawayi ne, yana cinyewa, kuma kuɗinsa bai kai na AVR ba. Sannan akwai janaretan da ya daɗe a ajiye, misali tun bayan sallah ba a tayar ba. Akwai ɗan ragowar maye da ke zama a ƙarfen kwayil, da shi wuta ke fara kamawa, in ya gushe sai a ga inji na ta gudu babu komai. Masu gyara suna farfaɗo da shi da batir mai bolt 12 cikin daƙiƙu. Bar musu wannan, in aka juya waya ko aka bar AVR a haɗe, sabuwar ɓarna ce. Sai an wuce duk waɗannan ake zargin AVR, bayansa kuma kwayil.

Inda za ka fi zarginsa kai tsaye shi ne in gudun inji daidai, amma mita na nuna 270 ko 300. Kashe nan take. Ko ya lalace ya buɗe ƙofa gabaɗaya, ko 'yar wayar da yake leƙen wuta da ita ta kwance saboda jijjiga, ya ɗauka babu wuta, yana ta ƙarawa. Ɗauki cajarka ka karanta ƙananan rubutun jikinta, za ka ga 100 zuwa 240. Ma'ana wuta mara ƙarfi ba ta cika damunta ba, ta sama ce ajalinta.

Ga kuma amsar wanda ke canja AVR duk wata. Tun da man fetur ya yi tsada, mutane suka koyi rage gudun inji don mai ya yi auki. In gudu ya ragu wuta na faɗuwa, AVR kuma ba ya sanin dalili, sai ya dage yana tura wa kwayil abinci iya ƙarfinsa har ya gasa kansa. Haka in kaya sun yi yawa kullum, ko kwayil mai juyawa ya fara haɗewa a ciki. Abin da ka tara a mai, ka biya a kayan gyara. Sitabilaiza ma da wasu ke ɗorawa a kan janareta mai ciwo ba ta warkar da shi. Tana iya gyara bolt, ba ta gyara Hz, wani lokacin ma ita da AVR su yi ta ja-in-ja, wannan ya ɗaga wancan ya sauke.

Masu babban injin dizal irin na niƙa da ake ɗaura wa kan janareta da bel, ku naku yawanci juyi 1,500 yake so, kuma da yawansu ba su da AVR. In wuta na rawa, duba bel kafin komai, in ya saki yana zamewa.

Zamanin da muke ciki ya soma ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Oktoba na 2024 kuma Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, bayan layin Shiroro zuwa Mando ya riga ya lalace, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi ya faɗi. Wanda duk yake neman inda zai yi caji a kwanakin nan bai manta ba. Tun daga nan faifan sola ya hau rufin rumfunan caji da masallatai da gonakin rani, wasu kuma suka mayar da janaretansu na gas.

Amma janareta bai tafi ba, ya koma mai cika batir ranar da hadari ko hazo ya rufe rana. Nan wata sabuwar rigima ta ɓullo: ka haɗa inbata da janareta, ta karɓa ta saki, ta karɓa ta saki, tana ƙara. Yawanci ba lalacewa ta yi ba. Tana auna bolt da Hz ne, in sun fita daga iyakar da aka sa mata sai ta ƙi. Wani lokacin ita ce ma ke jawo abin: tana fara cajin batir da ƙarfi, ƙaramin janareta ya durƙusa, ta ga wuta ta faɗi ta sake shi, ya farfaɗo, ta sake kamawa. A saitinta akwai inda ake rage yawan wutar caji, yawancinsu kuma suna da zaɓin karɓar wuta mai faɗin iyaka. Rage cajin tukuna ka gani.

Sauran ɗabi'u ne na kullum. Tayar da inji babu kaya a kansa, ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya daidaita, sannan ka ɗora. In za ka kashe, sauke kaya tukuna, kuma kada ka bari mai ya ƙare masa da wayoyin mutane a jiki, wannan shure-shuren da yake yi kafin ya mutu wuta ce ke hawa da sauka. In gidanka na da layin gari, sa makunnin canja layi na gaskiya, kada ka cusa wayar janareta a soket, don wutarka na iya komawa kan falwaya ta sami wanda ya hau gyara. Injin kuma a waje, nesa da taga, ko ana ruwa ko ana tsoron ɓarawo. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, kuma a cikin barci take ɗaukar mutane.